Madubin Gefen Mota Ya Daina Motsi: Yadda Za Ka Gano Inda Wutar Ta Tsaya

Madubin gefe mai aiki da lantarki, irin wanda direba ke juyawa da maɓalli ba sai ya miƙa hannu waje ba, ba shi da wani sarƙaƙƙen sha'ani. Fiyus ne, da suwic, da 'yan wayoyi, da ƙananan injuna biyu. Abin da ke mayar da gyaransa ciwon kai shi ne gaggawar sayen kaya. Madubi ya ƙi motsi, sai a yanke masa hukunci cewa ya mutu, a sayo wani a ɗaura. Sabon ma ya yi ƙememe. A koma kan suwic a canza shi. Sai can daga baya, bayan kuɗi sun fita sau biyu, a tarar ashe siririyar waya ce guda ta karye a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota.

Don haka ƙa'idar wannan aiki ɗaya ce: kada ka sayi komai sai awo ya nuna maka mai laifi. Rabin binciken ma a zaune za ka yi shi a kujerar direba, da kunnenka da ɗan yatsanka, tun kafin ka ɗauki sukudireba.

Abin da ke bayan gilashin

Idan aka cire gilashin madubin za a ga wani ɗan akwatin roba, galibi mai kewaye. A cikinsa akwai ƙananan injunan lantarki biyu, waɗanda masu wayarin ke kira moto. Ɗaya na karkata gilashin sama da ƙasa, ɗayan kuma hagu da dama. Kowane moto yana juya 'yan giyoyin roba masu haƙora, su kuma su tura ko su ja ɗan sandan da ke riƙe da farantin gilashin.

Moto biyu, sai ka zaci wayoyi huɗu ne. A yawancin motoci uku ne, saboda sun yi tarayya a kan waya guda. Akwai ta sama da ƙasa, akwai ta hagu da dama, sai ta tarayya. Abin da ya kamata ka riƙe da kyau shi ne, a cikin ukun nan babu wadda take ta wuta kullum, babu kuma wadda take atin kullum (atin shi ne hanyar da wuta ke komawa batir, galibi ta ƙarfen jikin mota). Suwic ne ke raba musu aiki a duk lokacin da aka danna shi. Ka danna gefe ɗaya, wuta ta shiga ta wannan waya ta koma ta wancan. Ka danna ɗaya gefen, ya juya su, moto ya koma da baya. Wanda bai san haka ba zai yi ta neman "wayar wuta" a soket ɗin madubi har ya gaji, ya ce babu wuta, alhali komai lafiya lau, bai dai danna maɓalli ba ne lokacin da yake awon.

Sauran wayoyin da za ka gani a soket na wasu ayyuka ne: hitar da ke busar da raɓa daga gilashi, fitilar sigina, moto na uku mai naɗe madubin gaba ɗaya, ɗan ƙwan gargaɗi idan mota ta shigo gefen da ba ka gani, ko na'urar da ke tuna inda kowane direba ya saita madubinsa. Shi ya sa wani soket ƙafa uku ne kawai, wani kuma ya haura goma.

Kayan da za ka tanada: mita mai auna volt (ƙarfin wuta) da om (yadda hanya ke tauye wuta), testa mai ƙwai, gutsuren wayoyi biyu masu bakin kamawa, ɗayansu da fiyus na amfiya 3 ko 5 a jikinta, ƙaramin batir mai volt 9, abin ɓamɓare fanel na roba, da feshin wanke soket. Idan ka sami taswirar wayarin ta irin motarka da shekararta, ka rage wa kanka wahala sosai. Launin wayoyi dai kada ka dogara da na wata mota, don ko kamfani ɗaya ne yakan canza launi daga shekara zuwa shekara.

Mataki na farko: zauna ka saurara

Sa makulli a ACC ko ON, amma kada ka tayar da inji. Kashe rediyo da fanka, sauke gilashin ƙofa. Kana son shiru.

Fara duba ɗan maɓallin zaɓen gefe, mai L da R. A motoci da yawa yana da tsakiya, inda babu madubin da zai amsa. Abin dariya ne, amma akwai madubai da yawa da aka ce sun lalace alhali hannun wani ne ya ture maɓallin zuwa tsakiya wajen goge mota.

Yanzu ka gwada motsi takwas: sama, ƙasa, hagu, dama a madubin direba, sannan huɗun nan a na fasinja. A kowanne ka lura da abu biyu, ko gilashi ya motsa, da ko ka ji ƙugin moto. Na gefen fasinja ka sa wani ya kanga kunnensa kusa. Rubuta sakamakon a takarda, don nan da ɗan lokaci za ka fara shakkar wanne ne ya yi wanne ne bai yi ba. Ka kuma gwada maƙwabta: gilashin ƙofa, makullin ƙofofi, rediyo, da ramin cajin waya. Abin da ya mutu tare da madubi shaida ne babba.

Ga yadda ake karanta takardar.

Idan moto na ƙugi amma gilashi bai motsa ba, ko yana yin ƙas-ƙas-ƙas, to ajiye mita. Wuta na zuwa, moto na juyawa. Haƙoran giya ne suka cinye, ko ɗan sandan ya fita daga mazauninsa bayan wani ya tura gilashin da ƙarfi ko an bangaji madubin. Wani lokaci danna tsakiyar gilashin a hankali da tafin hannu kan mayar da shi wurinsa da 'yar ƙara.

Idan madubai biyun duk sun yi tsit ta kowane ɓangare, da wuya ƙwarai a ce moto huɗu sun mutu rana ɗaya. Abin da suka haɗa a kai za ka nema: fiyus, wutar da ke shiga suwic, atin ɗinsa, ko suwic ɗin kansa.

Idan madubi ɗaya na aiki sarai, ɗayan kuma ko gezau, fiyus ya fita daga zargi. Saura ɓangaren zaɓen gefe na cikin suwic, soket ɗin wannan madubin, ko wayar tarayya, wadda in ta tsinke tana iya kashe moto biyun a tare.

Idan sama da ƙasa ba sa yi a madubai biyun, amma hagu da dama na yi, ko akasin haka, suwic ne kusan ko da yaushe. Idan kuwa a madubi ɗaya ne kawai haka ta faru, to moto ɗin wannan ɓangaren ne ko wayarsa.

Akwai alamar da na fi so saboda ba ta da ja-in-ja. Madubi na tafiya sama amma ya ƙi saukowa, kuma ba ka jin ƙugin komai idan ka danna ƙasa. Yi tunani: moto ɗin da ya kai shi sama shi ne dai zai sauko da shi, ta wayoyin nan biyu dai. Tunda ya hau, moto lafiya, wayoyi lafiya. Abin da ya bambanta tsakanin hawa da sauka shi ne bakin da ke haɗuwa a cikin suwic. Wanda ya sayi madubi a kan wannan alama ya zubar da kuɗinsa ne kawai.

Saura biyu. Madubin da ke tafiya a karkace, ko ka danna sama ya nufi gefe a hankali, yakan nuna wayar tarayya ta yanke, wuta na neman hanyar komawa ta cikin ɗaya moto ɗin. Wanda kuma ke yi yau ya ƙi gobe, a gwada shi haka: riƙe maɓalli a danne, ka riƙa buɗe ƙofa kana rufewa a hankali. Idan ya motsa a wani wuri ya tsaya a wani wuri, waya ce ta karye a robar ƙofa, ka tsallaka kai tsaye zuwa can.

Mataki na biyu: fiyus

Littafin mota ko bayan murfin akwatin fiyus zai nuna maka wanne ne. Wani an rubuta MIRROR ko MIR, amma sau da yawa madubi ba shi da nasa shi kaɗai, yana raɓe ne a layin ACC tare da rediyo ko ramin caji. Wanda aka rubuta MIR HTR na hita ne, ba na motsi ba. Na motsin yawanci ƙarami ne, amfiya 7.5 mai ruwan ƙasa ko 10 ja.

Kada ka gamsu da kallo. Fiyus kan yanke a inda ido ba ya gani. A saman kowane fiyus mai ƙafa biyu akwai 'yan ɗigon ƙarfe biyu a buɗe, don gwaji aka bar su. Maƙala bakin testa a ƙarfen jikin mota wanda ba fenti, makulli a ACC, ka taɓa ɗigo ɗaya sannan ɗayan. Ƙwai ya kama a duka biyu, fiyus lafiya. Ya kama a ɗaya kawai, ya ƙone. Bai kama ko'ina ba, wuta ce ba ta iso akwatin ba, sai ka gwada makulli a ON, in har yanzu shiru ka duba babban fiyus ko rile, wato ɗan suwic ɗin da wuta ke kunnawa, da ke ciyar da layin.

Idan ya ƙone, sa mai lamba irin tasa. Ya sake ƙonewa, kada ka sa babba, kada kuma ka naɗa masa waya. Wayoyin madubi sirara ne ƙwarai. Fiyus ɗin da ya fi ƙarfinsu zai zauna lafiya su kuma su narke a cikin ƙofa. Akwai bayanin yadda ake kamo irin wannan a ƙasa.

Tunda mita na hannunka, auna batir ma. Cikakken batir da inji a kashe yana nuna kusan volt 12.6. Wannan lambar ce ma'auninka a duk awon da zai biyo baya.

Kafin ka buɗe ƙofa

Motocin zamani da yawa suna da na'urar jin karo ta jakar iska a cikin ƙofa. Soket ɗinta da bututun wayarta rawaya ne. Kada ka soka musu testa, kada ka auna su da mita, kada ka cire su da makulli a kunne. Idan aikin zai kai ka kusa da su, cire kan batir na nagatif ka jira, domin na'urar kan riƙe wuta na ɗan lokaci. Littattafan gyaran Toyota suna cewa daƙiƙa 90, na Honda minti 3. Bi abin da littafin motarka ya ce. Kada garin gyaran gira a rasa ido. Ka kuma sani cewa cire batir kan sa wasu rediyoyi su nemi lambar sirri, gilashin ƙofa mai hawa da kansa kuma ya nemi a sake saita shi.

Mataki na uku: awon da ke raba gardama

Soket ɗin madubi shi ne iyaka. Daga shi zuwa waje madubi ne, daga shi zuwa ciki mota ce. Awo ɗaya a nan zai gaya maka ɓangaren da za ka bi. A motoci da yawa yana bayan ɗan murfin nan mai kusurwa uku da ke cikin ƙofa daidai gindin madubi, ɓamɓare shi kawai za ka yi. A wasu kuwa sai an cire fanel ɗin ƙofa gaba ɗaya. Nemo sukurorin da ke ɓoye a bayan hannun buɗe ƙofa da cikin maƙallin hannu kafin ka fara banƙara, in ba haka ba kilif-kilif za su karye.

Kafin ka cire soket, dube shi da tocila. Ya zauna daram? Cire shi ka leƙa ciki. Kore-koren tsatsa, farin gari, ƙafar da ta lanƙwashe ko ta koma baya, alamar ruwa, duk wannan na iya zama ƙarshen binciken. Fesa masa feshi, bar shi ya bushe, mayar ka gwada.

Idan tsaf yake, sai a nemo ƙafafu ukun na motsi. Ba ka da taswira? Akwai dabara. Juya mita zuwa om, ka yi awon a ɓangaren madubi, wanda ba ya haɗe da mota. Ka riƙa gwada ƙafafu bibbiyu. Za ka sami guda uku da ke amsa wa juna. Biyu daga cikin awon za su zo kusan daidai, na uku kuma ya zo kusan ninkinsu, saboda a nan mita ta ratsa moto biyun a jere. Ƙafar da ba ta cikin wannan babban awon ita ce ta tarayya. Idan kuma wani haɗin ya nuna OL, ko 1 ita kaɗai a gefen allo, wato hanya a yanke take, ka riga ka kama moto ɗin da ya mutu ko wayarsa. In kana shakkar ko lambar da ka samu daidai ce, auna madubin ɗaya gefen mai lafiya ka kwatanta.

Yanzu koma ɓangaren mota. Mita a volt DC, mizanin 20. Baƙar allura a ramin tarayya, ja a ramin sama da ƙasa. Taɓawa kawai za ka yi, kada ka cusa allura mai kauri ta buɗa ramin, don ramin da ya buɗe sabuwar matsala ce da kai ka haifar. Makulli a ACC, maɓallin zaɓe a wannan gefen, wani ya danna sama. Ya kamata ka ga kusan volt 12. Ya danna ƙasa, ka ga 12 ɗin dai amma da alamar ragi a gabanta. Wanne ne mai ragin bai dame ka ba, juyawar ce abin nema. Mayar da jar allura ramin hagu da dama ka maimaita.

An sami lambobi huɗun nan cif, laifin na madubi ne. An rasa wani ko duka, laifin na ciki ne.

Sai dai a nan mita kan yaudari mutum. Ba ta jan wuta ko kaɗan, don haka wayar da ta karye saura silin tagulla ɗaya tak za ta nuna maka 12 ɗinta lafiya lau, amma moto na neman wuta sai ta gaza. Tabbatar da ƙwai. Ɗan ƙwan fitilar fakin mai wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4, ya isa ya tona asirin irin wannan waya. Sa shi a inda alluran mita suke, a danna maɓalli. Haske sosai, hanya lafiya. Ja-ja ko babu, alhali mita ta ce 12, akwai inda wutar ke shaƙewa.

Idan wuta na isowa

Gwada madubin shi kaɗai. Batir mai volt 9 ya isa ya motsa waɗannan ƙananan moto, kuma bai kai batirin mota haɗari ba. Waya ɗaya a ƙafar tarayya, ɗaya a ta sama da ƙasa, taɓawar daƙiƙa ɗaya ko biyu. Juya wayoyin, ya koma baya. Haka a ɗaya ƙafar. In da batirin mota za ka yi, lallai ta wayar nan mai fiyus. Kuma a ƙafafun da ka tabbatar na moto ne kawai. Madubi mai tuna saiti yana da ƙafafun na'urar auna matsayi masu aiki da volt 5, ka ba su wuta kai tsaye ka lalata su.

Ya ƙi motsi? Saura wuri ɗaya kafin ka yanke hukunci. Wayoyin suna bi ta cikin ramin gindin da madubi ke naɗewa a kansa, kuma yawan naɗewa da buɗewa kan goge su ko ya tsinka su a wurin. Cire gilashin: karkata shi har ƙarshe, sa abin roba ta bayansa kusa da tsakiya, ka ɓamɓaro a hankali, da safar hannu, kana tare shi da ɗaya hannun. In akwai hita, zare 'yan wayoyinta biyu. Ba akwatin moto wuta daga bakinsa. Ya yi aiki a nan, waya ce a gindi. Bai yi ba, akwatin ne, kuma a motoci da yawa ana samunsa shi kaɗai, sukurori uku ko huɗu ke riƙe da shi, ba sai an sayi madubi ɗungurungum ba.

Idan wuta ba ta isowa

Sai suwic. Ɓamɓaro shi daga mazauninsa, soket na jikinsa. Abu biyu yake buƙata kafin ya yi komai, wuta da atin. Nemo ramin da ke da volt 12 tsakaninsa da jikin mota idan makulli na ACC. Sannan ka maƙala testa tsakanin wannan ramin da ramin atin. Ƙwai ya kama sosai, duka biyun lafiya. An fi mantawa da atin, alhali noti guda da ya yi tsatsa a bayan fanel ɗin ƙafar direba ya isa ya kashe madubai biyun.

Wuta da atin sun samu, sai ka auna abin da ke fita, ta bayan soket ba tare da ka cire shi ba, daidai yadda ka yi a madubi: tarayya da sama-ƙasa, tarayya da hagu-dama, kana neman 12 mai juyawa. Ba ta fita, suwic ne. Yana zaune ne inda ruwan sama ke fantsama in an bar gilashi a buɗe, ga ƙura, ga abin sha da ke zubewa. Sau da yawa wanki kawai yake so. Buɗe shi a kan farin ƙyalle a tebur, don wasu suna da 'yan sifirin da ƙananan ƙwallayen ƙarfe da in suka yi tsalle sai dai haƙuri. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. Goge bakin tagullar da ya yi baƙi da auduga da feshi. Idan ya ƙone ya yi rami, canza suwic ɗin.

Wuta na fita daga suwic amma ba ta isa madubi, to tsakani ne.

Robar ƙofa

A nan ne mafi yawan wahalar take. Duk wayar da ke shiga ƙofa sai ta bi ta cikin bututun robar nan mai ƙunƙun-ƙunƙun da ke kusa da hinjin ƙofa, kuma duk buɗewa da rufewa sai ta lanƙwasa. Shekara da shekaru, tagullar ciki ta gaji ta karye. Ƙofar direba ce ta fi shan wannan, don ita aka fi buɗewa.

Lura da hanyar wayoyin. Idan suwic a ƙofar direba yake, wutarsa da atin ɗinsa ta wannan robar suke shigowa, don haka karyewar waya a nan na iya kashe madubai biyun. Wayoyin madubin fasinja kuwa sai sun fito ta robar direba, su ratsa bayan dashbod, su shiga ta robar fasinja. Ke nan madubin fasinja na iya mutuwa alhali ciwon na ƙofar direba. Mutane da yawa sukan wargaza ƙofar da ba ta yi laifin komai ba saboda wannan.

Zare bakin robar daga jikin mota ka tura ta gefe. Wani lokaci za ka ga wayar a tsinke ƙiri-ƙiri, ko rigarta ta tsattsage tagulla na leƙowa. Mai wahalar ita ce wadda ta karye a ciki riga kuma lafiya. Kama kowace waya da yatsu biyu-biyu ka ja a hankali. Mai lafiya ba ta miƙewa. Wadda ta karye za ka ji ta yi laushi tana miƙewa, rigar ta sirance a daidai wurin. Don tabbatarwa, cire soket na suwic da na madubi, sa mita a om daga wannan ƙarshe zuwa wancan, wani ya riƙa motsa ƙofa. Lafiyayyar waya ba ta kai om 1 ba, kuma lambar ba ta rawa.

Wajen gyara, kada ka haɗa wayar a daidai inda ta karye. Haɗi, ko na dalma ne, ba ya lanƙwasa, zai sake karyewa a gefensa ba da jimawa ba. Yanke tsawon da ke cikin robar gaba ɗaya, sa sabuwar waya mai laushi mai kauri irin na tsohuwar, haɗi ɗaya ya faɗa cikin ƙofa, ɗayan cikin jikin mota. Rufe kowanne da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba gyara ba ne a wurin da ruwa da zafi ke kaiwa. Kuma tunda ka buɗe, duba sauran, don tare suka tsufa.

Fiyus mai yawan ƙonewa ma a nan aka fi kama shi. Cire fiyus ɗin, haɗa ƙwan sigina mai wat 21 a ramukansa biyu. Muddin wata waya na taɓa bodi, ƙwan zai haska sosai, kuma shi zai tare wutar kada komai ya ƙone. Sai ka bi a hankali: motsa robar ƙofa, naɗe madubi ka buɗe, cire soket ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙwan ya mutu ko ya dushe, nan ne. Idan sai an danna wani gefe yake haskawa sosai, wayar wannan gefen ce.

Motocin da ke da kwamfuta a ƙofa

A sababbin motoci da yawa, musamman masu tuna saiti ko masu sunkuyar da madubi in an sa ribas, suwic ba ya ba moto wuta da kansa. Saƙo yake aika wa wata ƙaramar kwamfuta a cikin ƙofa, ita ce ke juya moto. Ƙofofin kan yi magana da juna ta layin LIN mai waya ɗaya ko layin CAN mai waya biyu a murɗe. Awon da aka yi a soket ɗin madubi da gwajin batir mai volt 9 suna nan daram. Abin da ya canza shi ne ɓangaren suwic: ba za ka sami 12 mai juyawa a bayansa ba, kuma testa mai ƙwai ba ta da wuri a kan wayoyin saƙo, mita kaɗai.

Hanya mafi sauƙi a nan ita ce na'urar sikanin da ke iya shiga kwamfutocin bodi, ba ta inji kaɗai ba. Za ta nuna ko kwamfuta na ganin dannawarka, kuma za ta iya ba madubi umarni kai tsaye. Ya motsa da umarninta amma bai motsa da maɓalli ba, suwic ne ko wayarsa. Kwamfutar ƙofa ita ce ta ƙarshe da za a zarga, bayan an tabbatar wutarta da atin ɗinta da robar ƙofa duk lafiya.

Hita ba ta da wuya. Yawanci tana kamawa ne tare da hitar gilashin baya, kuma a wasu motoci sai inji na aiki. Auna volt a wayoyinta biyu, sannan ka zare su ka auna om a jikin gilashin. 'Yan om kaɗan za ka gani, misali mai wat 18 zai ba da kusan om 8. OL na nufin ta yanke, sai sabon gilashi. Moto mai naɗe madubi kuwa wayoyi biyu ne masu juyawa, gwajinsa irin na sauran. In yana ƙugi ba ya naɗewa giya ce, in yana tsayawa a rabi a fara wanke gindin daga ƙura da busasshen giris.

Idan ta kama sai an sayi madubi, ƙirga ƙafafun soket ka kwatanta lambar da ke jikinsa, don madubai biyu kan yi kama sak a ido amma wayarinsu daban. Na motar da sitiyarinta ke dama ma ba lallai ya dace da mai sitiyari a hagu ba. Haɗa soket ɗinsa ka gwada motsi huɗun yana hannunka, kafin ka ɗaure noti ko ɗaya.

Wajen mayarwa, a gwada komai fanel na buɗe: madubi, gilashi, makullin ƙofa, sifika. Zaunar da bakin robar ƙofa a raminsa ta kowane gefe, in ba haka ba ruwa zai bi wayoyi ya shiga. Ledar nan da ke manne a jikin ƙofa ta ciki, wadda ake yawan yagewa a yar, ita ce ke tare ruwan da ke gangarowa ta gilashi kada ya kai ga suwic da soket. Manna ta yadda ka same ta, sannan ka mayar da fanel.